Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Amfilifayar Hedifon ta Farko ga Mai Matsakaicin Ƙarfi a Kano

Wannan shafi ya tattara tambayoyin da aka fi yi game da amfilifayar hedifon, musamman daga mutanen da suke shirin sayen ta farko kuma kuɗin da ke hannunsu ba mai yawa ba ne. Cikin masu tambayar akwai masu tace sauti a ɗakunan haɗa waƙa da fina-finai, da ma'aikatan gidajen rediyo, da ɗalibai, da waɗanda burinsu kawai su ji karatu ko kiɗa tangaran a ɗakinsu. An tsara amsoshin ne bisa halin da ake ciki a Kano, domin shawarar da ta dace da mazaunin ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ba lallai ne ta dace da mazaunin Kurna ko Hotoro ba.

Mece ce amfilifayar hedifon, kuma wane aiki take yi?

Na'ura ce da ke karɓar siginar sauti mai rauni, ta ƙara mata ƙarfin lantarki har ta iya motsa 'yan ƙananan lasifikokin da ke cikin hedifon yadda ya kamata. Duk wata waya ko kwamfuta da ke da kafar saka hedifon tana da irin wannan na'ura a cikinta, sai dai 'yar ƙarama ce, an yi ta ne don kada ta ci batir kuma kada ta ƙara wa wayar tsada. Amfilifayar da ake saye daban tana maye gurbin waccan ta ciki ne. Ba ta ƙirƙiro wani sauti da babu shi a cikin fayil ba, ba ta kuma gyara hedifon da aka ƙera shi ba daidai ba. Aikinta shi ne ta ba hedifon isasshen ƙarfi ba tare da ta gurɓata sautin ba, kuma ba tare da ta ƙara masa wata ƙara tata ba.

Malam, shin duk mai hedifon ne yake buƙatarta?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a taɓa aljihu. Mafi yawan iyafis da hedifon da ake sayarwa don amfani da waya an ƙera su ne yadda waya za ta iya tuƙa su ba tare da wahala ba. Idan mutum ya saka hedifonsa a waya, ya tarar da rabin murya ko kashi biyu cikin uku ya ishe shi, kuma sautin ba ya karyewa a wurin da ganga ta buga da ƙarfi, to amfilifaya ba za ta kawo masa canjin da zai kai darajar kuɗinta ba.

Alamomin buƙata a bayyane suke. Na farko, a ƙure murya amma har yanzu sautin bai kai ba. Na biyu, sautin ya kai amma ya zama siriri, kaurinsa ya ɓace, ko kuwa ya riƙa tsagewa idan kiɗa ya cika. Na uku, a riƙa jin shuuu ko ƙugi daga kafar kwamfuta ko da ba a kunna komai ba, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka. Akwai kuma wanda wayarsa ba ta da kafar hedifon sam, tun da kamfanin Apple ya cire ta daga iPhone 7 a shekarar 2016 kuma wasu kamfanoni suka bi sahu. Shi wannan dole ne ya sayi wani abu, abin da ya rage masa shi ne sanin wanne.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: hedifon ne yake yanke hukuncin irin amfilifayar da za a saya, ba talla ba, ba kuma abin da wani ya saya ba.

Lambobin da ke jikin kwalin hedifon fa, waɗanne ne suka shafe ni?

Biyu ne, kuma duk wanda ya fahimce su ya huta da yawancin ruɗanin da ke cikin wannan harka.

Lamba ta farko ita ce turjiyar hedifon ga wutar lantarki, wadda ake aunawa da om. Iyafis da hedifon waya yawanci suna tsakanin om 16 zuwa 32. Audio-Technica ATH-M50x yana da om 38, Sony MDR-7506 wanda ya daɗe a ɗakunan rediyo yana da om 63, Sennheiser HD 600 da HD 650 kuwa om 300 gare su. Beyerdynamic DT 770 Pro yana zuwa iri-iri, akwai mai om 32, akwai mai 80, akwai mai 250, kuma sau da yawa mutum yakan sayi mai 250 bai lura ba, sai ya koma gida ya ga waya ta kasa ɗaga shi. Abin ya yi kama da tura ruwa ta siririn bututu: ƙunci yana buƙatar matsi. Hedifon mai turjiya da yawa yana buƙatar bolt mai yawa, mai turjiya kaɗan kuma yana jan wuta da yawa ko da bolt ɗin ƙanƙani ne. Lissafin ba shi da wuya: a ninka bolt da kansa, a raba da om. Bolt 1 a kan hedifon mai om 32 yana ba da kusan miliwat 31, amma wannan bolt ɗin a kan mai om 300 bai wuce miliwat 3 da 'yan kai ba.

Lamba ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita alhali ta fi ta farko tasiri, ita ce kaifin amsawar hedifon, wato yawan ƙarar da yake fitarwa idan an ba shi miliwat ɗaya, kuma da desibel ake rubuta ta. Duk ƙarin desibel 10 yana buƙatar a ninka ƙarfi sau goma. Masu lissafin nan sukan ɗauki desibel 110 a matsayin ƙololuwar da kiɗa kan taɓa na ɗan ƙiftawar ido, ba matakin da ake zama a kai ana sauraro ba. Hedifon da ke ba da desibel 100 a miliwat ɗaya zai kai can da miliwat 10 kacal, amma mai ba da desibel 90 sai ya sha miliwat 100. Wannan ne dalilin da ya sa wasu hedifon na kamfanin Hifiman, duk da cewa turjiyarsu ba ta da yawa, suke wahalar da waya, domin kaifin amsawarsu yana ƙasa. Miliwat 100 a kan om 32 yana nufin kusan bolt 1.8 tare da jan wuta mai yawa, abin da kafar waya ba kasafai take iyawa ba.

A kula da abu ɗaya: wasu kamfanoni suna rubuta kaifin amsawa bisa miliwat ɗaya, wasu kuma bisa bolt ɗaya. A hedifon mai om 32 tazarar da ke tsakanin ma'aunan biyu ta kai kusan desibel 15, saboda haka kwatanta lambobi biyu ba tare da duba ma'auninsu ba yana iya kai mutum ga sayen abin da bai dace ba.

Mene ne bambancin DAC da amfilifaya? Sai na sayi duka biyun?

DAC ita ce ke mayar da lambobin da ke cikin fayil zuwa siginar sauti, amfilifaya kuma ta ƙarfafa wannan siginar. A jere suke aiki. Ana sayar da su a rabe, ana kuma sayar da su a haɗe cikin akwati ɗaya. Ga mai sayen farko haɗaɗɗiyar ta fi dacewa, domin kebul ɗaya na USB ne tsakaninta da kwamfuta ko waya, babu ƙarin soket, babu ƙarin igiyoyin da za su kwaso ƙugi. Amfilifaya zalla tana da amfani ne ga wanda tuni yake da na'urar da ke fitar da sauti mai tsabta, kamar akwatin ɗaukar murya na sutudiyo. Idan aka haɗa ta da kafar kwamfutar da ke ƙugi, to ƙugin ma za ta ƙarfafa.

Nawa ya kamata in ware, kuma yaya zan raba kuɗin tsakanin hedifon da amfilifaya?

Kusan duk waɗannan kayayyaki daga waje suke zuwa, don haka farashinsu a naira yana bin abin da dala ta kwana a kai a Wapa. Ya fi sauƙi a yi maganar da dala. Ƙaramar adaftar USB-C ta Apple, wadda take ɗauke da DAC da amfilifaya a cikinta, dala 9 ce a Amurka. Sama da ita akwai adaftoci masu ƙarin ƙarfi daga kamfanoni irin su FiiO da Moondrop, tsakanin dala 20 zuwa 80. Daga nan sai na kan tebur. Schiit Magni ta fito a 2012 a kan dala 99, JDS Labs Atom ta biyo a 2018 a kan wannan farashin, kuma su biyun sun taimaka wajen tabbatar da cewa kusan dala 100 ta isa a sami amfilifaya mai tsabta da za ta tuƙa mafi yawan hedifon. Kamfanonin Sin irin su Topping, SMSL da FiiO sun cika wannan mataki da kayayyaki masu kyau. A kan farashin sai a ƙara kuɗin jigila da abin da za a iya biya na kwastam.

Game da rabo, kaso mafi tsoka na hedifon ne. Bambancin da ke tsakanin hedifon biyu kowane kunne yana jin sa nan take, amma bambancin da ke tsakanin amfilifaya biyu masu inganci, idan an daidaita muryarsu kuma ba a fi ƙarfin ko ɗaya ba, ƙanƙani ne ƙwarai, sau da yawa ma ba a iya rarrabewa. Wanda yake da dala 200 gaba ɗaya, ya fi masa ya sa 150 a hedifon mai sauƙin tuƙawa ya sa 50 a adafta mai kyau, a kan ya raba kuɗin biyu. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, gaskiya ne, amma nagari a nan shi ne wanda ya dace da hedifon, ba wanda ya fi tsada ba.

Yaya batun wutar lantarki? Wace iri ce za ta jure halin da muke ciki?

Wannan ne wurin da shawarar masu sharhi na ƙasashen waje take gaza mana, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara.

Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Cajar waya da ta kwamfuta ba su damu da wannan ba, domin an rubuta 100–240V a jikinsu. Amma wasu amfilifayoyin kan tebur da suka yi suna, ciki har da Magni da Atom, an san su da zuwa da taransfoma ta musamman wadda aka yi don wutar ƙasa guda. Idan ɗan'uwa ya aiko da ita daga Amurka kuma aka cusa taransfomar a soket ɗin Kano, canza bakin fulogi ba zai hana ta ƙonewa ba. Dole ne tun wajen oda a zaɓi mai bolt 230, wadda ake yi wa Ingila ko Turai. Bugu da ƙari, irin wannan taransfoma wutar AC take fitarwa, wato mai kai da komo irin ta soket, ba DC irin ta batir da caja ba, saboda haka idan ta lalace ba za a maye gurbinta da kowace caja ta kasuwa ba, ko da bakinsu ya zo ɗaya. Kafin a biya kuɗi a karanta abin da ke rubuce a jikin abin ba da wutar.

Sai matsalar hawa da saukar wuta. A unguwanni da yawa wutar KEDCO takan zo da rauni, wani lokaci kuma ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Ƙananan janareta ba sa riƙe wuta daidai, kuma inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul kamar ta layi, tana sa taransfoma ta yi zafi tana kuma jefa ƙugi cikin sauti. Mai amfilifayar soket yana buƙatar sitabilaiza ko inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta, kuma ya saba da cire fulogi da zarar an ɗauke wuta, kada ya mayar sai ta zauna.

Saboda waɗannan dalilai nake fifita amfilifayar da ke shan wuta daga USB ga yawancin masu sayen farko a Kano. FiiO K3, Topping DX1 da iFi Zen DAC suna cikin wannan rukuni. Batirin kwamfuta ne yake tsaya mata, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba, kuma babu taransfomar da za ta ƙone. Iyakarta ita ce ƙarfinta bai kai na mai soket ba, don haka mai hedifon da ke da wuyar tuƙawa ƙwarai ne kaɗai ya kamata ya tsallake ta.

Na haɗa komai daidai amma ina jin ƙugi. Amfilifayar ce ta lalace?

Ba lallai ba ne. A cire cajar kwamfuta daga soket a saurara. Idan ƙugin ya ɓace, to daga wutar gida ko daga cajar yake shigowa, kuma hakan ya fi faruwa a ginin da ba a binne wayar ƙasa ba ko kuma inda cajar ba ta asali ba ce. Maganin shi ne caja mai kyau, ko haɗa dukkan na'urorin a soket ɗaya, ko yin aikin sauraro mai muhimmanci a kan batir. Idan kwamfutar da DAC ɗin duka suna da kafar kebul mai aika sauti ta haske, shi ma yana yanke matsalar, domin babu lantarkin da ke bi ta cikinsa. Waya da ke kusa da amfilifaya ita ma takan jefa ƙara lokacin da kira zai shigo, sai a matsar da ita.

Da waya kaɗai nake sauraro. Ƙaramar adafta za ta ishe ni?

Ga iyafis da hedifon masu sauƙin tuƙawa, ta isa har da saura. Sai dai akwai abubuwan da za a kiyaye. Adaftar USB-C iri biyu ce: akwai wadda waya ce zalla babu komai a cikinta, wadda ba ta aiki sai da wayoyin da aka yi su don haka, akwai kuma mai DAC a ciki, kuma ita ake nufi a nan. A ido kusan ɗaya suke, don haka gwaji ne yake raba gardama. Wasu wayoyin Android ba sa ganin adafta sai an kunna OTG, wato zaɓin da ke ba waya damar aiki da abin da aka jona mata ta USB, a cikin saiti. Ita adaftar Apple, samfurin Amurka yana ba da kusan bolt 1, na Turai kuma kusan rabin haka, kuma a kan wayoyin Android da dama muryarta takan yi ƙasa. Adafta mai ƙarfi tana cin batirin waya sosai, kuma yayin da take a jiki ba za a iya caji ba, abin da ba ƙaramin lamari ba ne ga wanda yake lissafin cajinsa. Wurin da suka fi lalacewa shi ne gindin kebul, saboda lanƙwasawa a aljihu, shi ya sa wadda ake iya cire kebul ɗinta a canza ta fi daɗewa.

Iyafis ɗina yana shuuu a kan babbar amfilifaya. Me ya jawo?

Iyafis yana da kaifin amsawa sosai, har yana jiyo 'yar ƙarar da amfilifaya ke yi a karan kanta, wadda babban hedifon ba ya nunawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa yawan ƙarfi ba koyaushe ne alheri ba. A nemi amfilifaya mai maɓallin rage ƙarfi, a bar shi a matakin ƙasa.

Akwai kuma turjiyar kafar fitar sauti ta ita amfilifayar. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Hedifon mai om 32 yana son kafar da ba ta kai om 4 ba, iyafis mai om 16 kuma wadda ba ta kai om 2 ba. Idan ta yi yawa, daidaiton sautin yana canzawa, kauri ya kumbura ko ya yi sako-sako. Yawancin amfilifayoyin zamani masu kyau suna kusa da om 1 ko ƙasa da haka, kuma kamfanin da ya yarda da kayansa yakan rubuta wannan lamba a fili.

Kafar milimita 4.4 da ake tallatawa ta fi ta 3.5 kyawun sauti?

A na'urori da yawa ta fi ba da ƙarfi, amma ba ta sa sauti ya fi kyau don kanta. Kafa ce da ta ɗan fi ta 3.5 da aka saba gani a waya faɗi, kuma tana buƙatar kebul na musamman da hedifon da aka yi shi don karɓarsa. Kada a taɓa amfani da kan canji don cusa fulogin 3.5 na yau da kullum a cikinta, domin hakan yana iya lalata amfilifayar. Kan canji tsakanin 3.5 da 6.35 kuwa babu laifi a cikinsa.

Amfilifaya mai bawul fa, irin mai kwalaben nan masu haske?

Tana da masoyanta, kuma wasu suna son launin da take ba sauti. Amma ba ita ce ta farko ba. Tana zafi, kwalabenta suna tsufa, samun na canji sai an yi oda, kuma wasu nau'o'inta ba sa jituwa da hedifon mai ƙaramar turjiya. A ɗakin da ba fanka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ƙarin abin da ke fitar da zafi a kan tebur ba abin nema ba ne.

Ina aikin tace sauti, ina kuma da akwatin ɗaukar murya. Ina buƙatar ƙari?

Akwatunan ɗaukar murya irin su Focusrite Scarlett suna da kafar hedifon tasu, kuma ga hedifon mai om 32 zuwa 80 yawanci ta wadatar. Ƙarin amfilifaya yana shigowa ne idan hedifon mai om 250 ko 300 ne kuma murya ba ta kai ba. A wannan hali amfilifaya zalla ake saye, a haɗa ta da kafofin fitar sauti na bayan akwatin. Mai tace sauti ya nemi wadda ba ta ƙara wa sauti ado, domin idan ta ƙara kauri zai rage kaurin a aikinsa, waƙar ta fita a rame a rediyon mota da lasifikar shago.

Akwai wata buƙata daban da ake yawan rikitawa da wannan: a raba sauti ga mawaƙi da 'yan amshi su ji a lokaci guda. Wannan aikin na'urar rarrabawa ne, irin Behringer HA400 mai kafa huɗu, kowace da abin murɗa muryarta. Tana da araha, tana kuma yin aikin da aka yi ta dominsa, amma ba da ita ake yanke hukuncin ƙarshe kan haɗin sauti ba.

Hedifon nawa na Bluetooth ne. Amfilifaya za ta ƙara masa wani abu?

Ba za ta ƙara ba, domin DAC da amfilifayarsa suna cikinsa. Abin da yake akwai shi ne akasin haka: ƙaramar na'ura mai batir da ke karɓar sauti ta Bluetooth daga waya ta tuƙa hedifon mai kebul, kamar Qudelix 5K ko jerin BTR na FiiO. Tana raba mutum da jan kebul daga waya, ba ta kuma cin batirin wayar kamar adafta. Wayoyin Android da yawa suna iya aika sauti ta LDAC, tsarin Bluetooth da ba ya matse sauti sosai, tun daga Android 8, iPhone kuwa tana tsayawa ne a tsarin AAC, wanda ya fi matse shi.

Za ta gyara sautin karatu ko wa'azin da aka turo mini ta WhatsApp?

Ba za ta gyara ba. Muryar da aka ɗauka da waya daga nesa da lasifikar masallaci, aka matse ta, aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, ta riga ta rasa abin da ta rasa. Hedifon mai kyau da amfilifaya mai tsabta ma ƙara fito da aibinta za su yi. Amma karatun da aka ɗauka a sutudiyo, a nan ne ake jin amfanin kayan kirki, domin fitar haruffa da numfashin mai karatu suna bayyana ba tare da an ɗaga murya ba. Ingancin faifan CD, wato bit 16 da kilohaz 44.1, ya isa kunnen ɗan'adam, saboda haka manyan lambobin da ake rubutawa a kwalin DAC ba su ne abin dubawa ba.

Shin akwai haɗari ga kunne?

Akwai, kuma ba na wasa ba ne. Amfilifayar dala 100 tana iya kai hedifon matakin da zai cutar da ji cikin 'yan mintoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga baligi, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 90 awa 4 ne kacal a mako. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Yawancin masu ƙure murya suna yi ne don su danne ƙarar janareta ko ta adaidaita sahu, kuma maganin wannan hedifon mai rufaffen baya ne ko iyafis mai toshe kunne sosai, ba ƙarin ƙarfi ba. A riƙa mayar da murya ƙasa kafin a saka hedifon, a ɗaga a hankali. Wanda kunnensa ke ƙara bayan sauraro, ko yake jin maganar mutane kamar daga nesa, ya rage murya ya kuma ga likitan kunne. Ga mai tace sauti, wannan batu ne na abincinsa.

A ina zan saya, kuma yaya zan gwada?

Adafta da hedifon ana samun su a kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut, kayan sutudiyo kuma a shagunan kayan sauti na Sabon Gari. Amfilifayar kan tebur ta kamfanonin da aka ambata yawanci sai an yi oda, ko dai daga dillalan Legas ko ta intanet daga shagon kamfanin kansa. Wajen oda a duba ko mai sayarwa yana karɓar kaya idan sun zo da matsala, domin garantin da sai an mayar da kaya wata ƙasa kafin ya yi aiki, amfaninsa kaɗan ne. Kayan da suka yi suna su ne aka fi yi wa jabu, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da na kamfani nesa ba kusa ba alama ce da ta isa a ja da baya.

Idan gwaji zai yiwu, a je da hedifon da wayar da za a riƙa amfani da su, da kuma sautin da kunne ya saba da shi. A saurara babu abin da ke kunne, don a ji ko akwai shuuu. A sauke murya can ƙasa a tabbatar kunnen dama da na hagu suna tafiya daidai, domin wasu abin murɗa murya sukan karkata gefe ɗaya a wannan mataki. A murɗa shi sama da ƙasa a ji ko yana ƙarce-ƙarce, a kuma girgiza fulogi a hankali a ga ko sauti na yankewa. In ana kwatanta biyu, a daidaita muryarsu tukuna, domin kunne yana ɗaukar wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi daɗi. Sayen ta hannu ba laifi ba ne a amfilifayar da ba ta da batir, muddin ta zo da abin ba da wutarta na asali. Mai batir kuwa a yi hattara, domin batirin ne yake fara mutuwa.

Yaya zan kula da ita a lokacin ƙura da zafi?

Ƙurar hunturu tana shiga abin murɗa murya da kafofin fulogi, ita ce kuma take jawo ƙarce-ƙarcen da ake ji bayan shekara ɗaya ko biyu. A rufe na'urar da ƙyalle idan an kashe ta, amma kada a rufe ta tana aiki, domin ta jikinta take fitar da zafi. Idan ƙarce-ƙarcen ya fara, a kashe ta a murɗa abin sau da yawa daga farko zuwa ƙarshe, in bai daina ba a kai wa mai gyaran rediyo ya fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ba man inji ko fetur ba. Mai batir kada a bar ta a cikin mota da rana ko a kan taga, kada kuma a bar ta a caji dare da rana, domin zafi da cikar caji na dindindin su ne suke kumbura batir. Da damina, idan hadari ya taso da tsawa, a cire fulogin mai soket gaba ɗaya, har da kebul ɗin da ya haɗa ta da kwamfutar da ke jikin wuta.